Ra'ayinmu: Ƙaramar Bindiga a Ƙarƙashin Hijabi

A Amurka, mace kan shiga shagon bindigogi kamar yadda ake shiga wurin mai sayar da takalma. Za ta miƙa hannu, mai shago ya dubi faɗin tafinta da tsawon yatsunta, ya fito mata da ƙananan bindigogi biyu ko uku ta gwada. Ana duba ko yatsunta sun zagaye mariƙin, ko manuniyarta ta kai ga kunama ba tare da hannun ya karkace ba, ko tana da ƙarfin ɗana ta, sannan ko za ta ɓuya a jaka ko a ƙugu. Kamfanoni irin su Glock da Smith & Wesson sun ƙera samfura domin masu ƙananan hannuwa. Tsarin mulkin ƙasar ya ba ɗan ƙasa haƙƙin mallakar makami, kuma a 2022 Kotun Ƙolinsu ta ce haƙƙin ya haɗa har da fita da shi waje domin kare kai.

Tsakanin wannan shago da kasuwar Batsari akwai tazara mai nisa. Amma tambayar da ke ƙarƙashin cinikin ta riga ta iso yammacin Katsina, kuma shugabanni ne suka kawo ta da bakinsu. A watan Agustan 2021, a Jibiya, Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa jama'a su nemi makamai su kare kansu, ya kuma maimaita kafin ƙarshen shekarar. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta wuce nan, ta ce a ba mutane lasisin bindiga, har ta yi maganar raba fom ɗari biyar-biyar ga masarautun jihar 19. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Tun kafin su, a 2018, Janar T. Y. Danjuma ya faɗi irin wannan magana a Jalingo.

Duk lokacin da aka ce jama'a su kare kansu, hoton da ke zuwa a rai na namiji ne da bindigar toka a kafaɗa. Ba a cika tunawa da wadda ke cikin ɗaki ba. Alhali duk wanda ya san yadda hari ke kasancewa a ƙauyukan bakin Dajin Rugu ya san cewa maza su ake fara nema a kashe, don haka su ke fara haura katanga, ko kuma daren ya same su a bakin gari suna sintiri. Wadda ɓarayin daji ke tararwa a tsakar gida ita ce matar gida, da goyo a baya, da yara uku ko huɗu sun maƙale mata a zane. Idan kare kai haƙƙi ne, to ita ce ta fi kowa buƙatarsa. Saboda haka muka ga ya dace a yi wa tambayar adalci: shin ya kamata macen Batsari ko Safana ta riƙe ƙaramar bindiga a ɓoye?

Masu cewa i ba mahaukata ba ne, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna farawa da abin da ya faru. A watan Mayun 2019 an kashe mutum 18 a 'Yargamji da ke ƙaramar hukumar Batsari, har mutanen garin suka ɗauko gawarwakin suka kawo birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, akasarinsu tsofaffi da ƙananan yara da suka kasa gudu. Bayan wata biyu, a ranar 18 ga Afrilu, aka kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Waɗannan su ne waɗanda aka ƙirga. Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga lissafi, domin wadda aka yi wa ba ta faɗa, danginta ma ba sa so a faɗa: matan da aka ci wa mutunci a gaban 'ya'yansu, da waɗanda aka tafi da su daji aka riƙe makonni ana cinikin kuɗin fansa. Wanda ya ga matan Batsari da suka cika unguwannin Katsina suna neman abin da za su ba marayu ba zai yi saurin raina mai cewa a ba su makami ba.

Suna kuma da madogara a shari'a da doka. Addinin Musulunci ya halatta wa mutum kare ransa da mutuncinsa da dukiyarsa, bai ware mace ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata wajen kare kai daga farmaki, dokar final kod ma haka. Ga kuma tarihi. Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Nijar, ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. A zamaninmu, A'isha Bakari Gombi ta Adamawa, wadda ake kira sarauniyar mafarauta, ta jagoranci maza zuwa daji suna fafatawa da Boko Haram. Babu wanda zai dube ta ya ce hannun mace bai iya bindiga ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta fi ciwo. Sun ce gwamnati ta gwada kusan komai a kan talaka. An yi sulhu a 2019, Masari da kansa ya shiga ƙauyukan bakin daji ya zauna da 'yan bindiga, daga baya ya fito ya ce sun ci amana. A 2021 an rufe hanyoyi, an hana cinikin shanu a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da Batsari da Safana, an katse layukan waya. Wahalar ta faɗa kan mai gona da mai talla, ɓarawo kuwa ya ci gaba da samun fetur da harsashi. Sashe na 14 na Tsarin Mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Idan gwamnati ta gaza a nan, in ji su, da wane baki za ta hana mace abin da za ta kare kanta?

Mun saurari wannan da kyau. Yanzu sai a dubi ɗaya gefen, kuma za mu daɗe a kansa domin a nan ne sha'awa ke karo da zahiri.

Farko dai doka. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Na ƙasa su ne na gargajiya da ake ɗurawa ta baki, irin su adaka da harba-ka-ruga, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda ke iya ba da lasisinsu. Na tsakiya su ne bindigogin farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Na sama su ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fistol da libarba suna cikin wannan rukuni na sama, jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti. Ƙanƙantarta ce ta jawo mata haka, domin abin da ke ɓuya a aljihu ya fi sauƙin shiga kasuwa da masallaci. Hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin shekara goma ne. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Ma'ana, duk wata ƙaramar bindiga da za ta isa hannun mace a Runka ko Wagini ta bayan fage za ta zo, daga hannun dillalan da ke sayar wa ɓarayin daji. Kuɗinta zai shiga aljihun da ke ciyar da wutar da ake son kashewa.

To, a ce an gyara doka gobe. Shin makamin ya dace da irin barazanar? Ba'amurkiyar da ke gwada mariƙi a shago tana tunanin mutum ɗaya ne, a wurin ajiye motoci ko a lungu, taku biyar ko goma tsakaninsu. Don haka aka yi ƙaramar bindiga. Harin ƙauye a Safana wani abu ne dabam. Babura ne ashirin ko talatin ko fiye, kowanne da goyon biyu ko uku, cikin dare, da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri ɗaya, mai kaiwa mita ɗari uku. Ƙaramar Glock 43, wadda ake yawan nuna wa masu ƙananan hannuwa, shida take ci. Ko gwani ba ya sa ran samun abin hari da fistol bayan mita hamsin, balle a duhu, balle hannu na rawa. Akwai kuma abin da masu koyar da harbi suka sani wanda mai kallon fim bai sani ba: duk ƙanƙantar bindiga da rashin nauyinta, haka shurinta ke ƙaruwa a hannu idan ta tashi. Wadda ta fi dacewa da ƙaramin tafi ita ce ta fi wuyar sarrafawa, sai an yi ta atisaye da ɗaruruwan harsasai. A ina macen ƙauye za ta yi wannan atisaye, kuma da wane kuɗi, ita da ke auna masara da gwangwani?

A kwatanta daren. Ƙarar babura ta tashe ta. Ta laluba ƙarƙashin katifa ta ɗauko bindigar, hannu ɗaya na tallabe da jariri. An banke ƙyauren langa-langa, hasken tocila ya dalle mata ido. A ce ta yi sa'a ta sami na farko. Na biyu da na uku suna bayansa, sauran suna zaure. Abin da zai biyo baya kowa a yankin ya san shi. 'Yan bindigar nan ba sa barin jinin ɗan'uwansu ya kwana. A watan Agustan 2025, harin da aka kai masallacin Unguwar Mantau a Malumfashi lokacin sallar asuba, wanda ya ci rayuka sama da 30, gwamnatin jihar da kanta ta ce ramuwar gayya ce kan kwanton-ɓaunar da mutanen garin suka yi musu kwanaki kaɗan kafin nan. Waɗannan maza ne a haɗe, suka yi nasara da farko, amma ba wanda ya tsaya musu a bayan nasarar. Ina ga mace ɗaya a ɗaki?

Sai kuma ranakun da babu hari, waɗanda su suka fi yawa. Bindigar tana nan a gida. Ɗakin matar karkara ba shi da akwatin ƙarfe mai makulli. Akwai jeren kwalla da samiru, akwai adakar kaya, akwai ƙarƙashin gado, kuma babu inda hannun yaro ɗan shekara shida ba ya kaiwa a cikinsu. Gida ne na kishiyoyi da facaloli da samari masu tasowa, a lokacin da ƙwaya ta shiga ƙauyuka. Amurka da ake misali da ita ta biya farashin wannan. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a can, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Wani bincike da Jacquelyn Campbell ta jagoranta, wanda aka buga a 2003, ya gano cewa idan miji mai dukan matarsa yana iya kaiwa ga bindiga, haɗarin ya kashe ta na ninkuwa kusan sau biyar. Mu kuma mu faɗi gaskiyar gidajenmu: bindigar da aka saya da sunan matar gida ba za ta kwana uku a hannunta ba. Maigida zai karɓa, ko ƙanen miji, ko babban ɗa. Za a ce ai wannan ba kayan mata ba ne.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da yankinmu. 'Yan sanda a Katsina da Zamfara sun sha gabatar wa manema labarai matan da aka kama suna safarar harsasai da makamai zuwa daji, a ɓoye cikin kaya ko a jikinsu. Ɓarayin sun gane cewa ba a cika binciken mace ba, suka mayar da kunyarmu hanyar wucewa. A irin wannan yanayi, macen da aka samu da fistol a ƙarƙashin hijabi a shingen bincike tsakanin Batsari da Katsina, wa zai tsaya ya saurari bayaninta? Soja zai ɗauke ta 'yar aike. Idan 'yan sa-kai ne suka kama ta, wataƙila ba za ta kai ofishin 'yan sanda ba, domin kalmar infoma a ƙauyukan nan ta isa ta ɗauke rai kafin a yi tambaya. Sannan abin zai shafi kowace mace: ranar da aka san mata na ɗaukar bindiga a ɓoye, ranar ce za a fara lalube kowace mai hijabi a kan hanya, kuma ɓarawon da a da yake ture mace ya wuce zai fara harbi tun daga ƙofa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ba za mu wuce ba tare da ambaton darasin 'yan sa-kai ba. Sun tashi da niyyar kare garuruwansu, kuma sun kare da yawa. Amma makami ba tare da horo da shugabanci da hisabi ba ya kai wasunsu ga kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba a kasuwanni da hanyoyi, wannan kuma ya ba ɓarayi hujjar ɗiban sabbin yara. Gwamnatin Masari da ta ce a nemi makami ita ce kuma ta haramta ƙungiyar.

Da muka auna, ga inda muka tsaya. Masu cewa mace na da haƙƙin kare kanta sun yi gaskiya, kuma ba mu yarda da masu kawar da zancen da cewa bindiga ba ta mata ba ce. Inda muka rabu da su shi ne makamin da suka zaɓa da yadda za a riƙe shi. Ƙaramar bindiga a ɓoye, a hannun mutum ɗaya, mace ko namiji, ba ta hana harin babura talatin, tana jawo ɗaurin shekara goma, tana zama barazana ga yaran gida, tana kuma jefa mai ita cikin zargin da ka iya kashe ta. Ba mu goyi bayanta ba, ba kuma ma kira a sassauta dokar fistol.

Sai dai wanda ya ce a'a, wajibi ne ya faɗi abin da ya tanada a madadin. A nan gwamnati ke da bashi a wuyanta. A duba misalin A'isha Gombi da kyau: doguwar bindiga take riƙewa a fili, cikin ƙungiyar mafarauta mai shugabanci, tare da sanin sojoji. Wannan shi ne irin riƙon makamin da ke da amfani, kuma Katsina ta riga ta kafa masa gida. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar da mutum kusan 1,500 daga ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana. Muna ganin a buɗe wa mata gurbi mai faɗi a cikinta, da cikakken horo da albashi da lambar shaida. Wadda ke da zuciya da ƙarfin riƙe makami ta riƙe shi a can, inda akwai ma'ajiya da rajista da wanda zai tambaye ta inda kowane harsashi ya tafi. Kasancewarsu zai warware matsala biyu da maza ba za su iya ba: binciken mata a shingaye cikin mutunci, da sauraron wadda aka ci wa zarafi, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai maganar da ba za ta taɓa faɗa wa namiji mai kaki ba.

Ga mafi yawan mata kuwa, waɗanda ba za su shiga runduna ba, abin da ke ceton rai shi ne mintunan da ke tsakanin jin labari da isowar babura. Mata ne ke zuwa itace da rijiya da tsintar gyaɗa, su ne ke fara ganin baƙuwar fuska da sawun taya a inda bai kamata ba. A ba su hanyar kai rahoto da ba za ta fallasa su ga infoma ba. A tabbatar da sabis na waya a ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ake kira. A tsara wa kowane gari alamar gargaɗi da wurin da mata da yara za su nufa, a kuma yi musu rakiya ranakun kasuwa da lokacin girbi. Babban abu kuma, idan an kira jami'an tsaro su zo a daren, domin mutanen yankin sun gaji da ganin motoci bayan an idar da jana'iza.

Game da bindigogin gargajiya da na farauta da doka ta riga ta ba da damar yi musu lasisi, muna ganin dakatarwar baki ɗaya ba ta yi wa manomin bakin daji adalci ba. A buɗe rajista ta hannun 'yan sanda da hakimai da masu unguwanni, a san wa ke riƙe da me, kuma bazawarar da ke riƙe da gida ita kaɗai ta sami damar nema daidai da kowane magidanci idan ta cika sharuɗɗa.

A 2025 an shiga wani sabon zagayen sasanci a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da wasu ƙananan hukumomi, wannan karon al'ummomin ne a gaba. Wasu hanyoyi sun buɗe, an sako wasu da aka kama, manoma sun koma wasu gonakin da aka daɗe da bari. Muna fatan ya ɗore. Amma duk wanda ya kalli hotunan waɗannan taruka ya ga abu biyu. 'Yan bindigar sun zo da makamansu a rataye, sun kuma koma da mafi yawansu. Sannan a kan tabarmi da kujerun da aka jera, tsakanin hakimai da malamai da shugabannin ƙananan hukumomi, da wuya ido ya faɗa kan mace. An yi maganar burtali da mashaya da shiga kasuwa. Ya kamata a zama na gaba a ware wa matan Ruma da Runka da Zakka kujeru, a kuma rubuta a cikin sharuɗɗan, da sunan abin ƙarara, cewa taɓa mace ɗaya ya warware yarjejeniyar.